Ruwan Wankin Allo

Azumin bana ya faɗo cikin marka. Tun da aka ga wata, rana ba ta fito ta wuni ba. Layinmu a Kwamba ya zama taɓo, masu keke suna tsayawa a bakin titi su ce daga nan sai ƙafa. A kwanakin farko matata Hajara ta dama kunun gyaɗa, ta zuba a kwano mai murfi, ta aika gidan da ke kallon namu kamar yadda ta saba. Kafin a kira sallah kwanon ya dawo a cike, da saƙon godiya da ban haƙuri.

"Ka gani ko?" in ji ta. "Shekara da shekaru muna ciyayya da matar nan, yau kununa ne abin ƙyama? Don sun hau jirgi sun dawo?"

'Yar gidan, Fa'iza, da sikila aka haife ta. An fitar da ita waje an yi mata dashen ɓargo: aka kashe nata da magani, aka sa mata na yayarta. Mahaifinta ya yi mini bayani a ƙofar masallaci. Ya ce kafin sabon ɓargon ya kama sosai, jikinta kamar ɗaki ne babu ƙyaure. Ƙwayar cutar da ni zan haɗiye in kwana lafiya, ita tana iya tafiya da ita. Ba ta cin ɗanyen ganye, ba fura da nono, ba tsiren bakin titi, ba abin da ya kwana. Abincin waje ma sun hana shi shiga gidan, don kada ta gani ranta ya biya.

Na ce wa Hajara ta miƙo kunun, ni zan sha. Na ce matar nan ba girman kai take yi ba, tsoro ne. Na san shi, don na yi azumi guda ina kwana da shi ina tashi da shi, a Iku, a shekarun da aka ɗauke wa garin nan sunansa aka ba sabon babban birnin ƙasa, tsofaffi suna cewa su dai Abuja suka sani.

Lokacin na ɗan haura ashirin, ban yi aure ba. Mu biyar ne a gidan: Baba, Inna, Goggo Lami yayar Baba da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ni, sai autanmu Isiyaku, wanda bai kai goma ba.

Da bazara wani kumburi ya fito masa a muƙamuƙin hagu. Aka ce haƙori ne. Aka ce hangum ne, aka shafa masa shuni. Kafin mu gama noman fari kumburin ya kai ƙoƙo, haƙoransa suna girgiɗi, idon hagu ya fara turowa waje. A asibitin gari aka ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a Zariya. Baba ba zai bar gona a irin wannan lokaci ba, sai ni na ɗauke shi muka hau mota.

Can aka yi masa wata allura ta jijiya. Ya yi amai har na fid da rai. Amma cikin 'yan kwanaki kumburin ya fara sacewa, idon ya koma mazauninsa. Ranar da za a sallame mu likita ya yi magana, wani malamin asibiti Bazazzagi yana juya mini da Hausa.

"Saurara da kyau, samari. Allurar nan ba ta zaɓe. Ta bugi ciwon, ta kuma bugi masu gadin jininsa. Bayan Sallah za ku dawo a yi masa ta biyu. In ya zo da zazzaɓi, ko jininsa bai farfaɗo ba, ba za a yi ba. In ba a yi ba kumburin zai dawo, kuma ba lalle ya sake jin magani ba."

Na ce to me za mu yi.

"Duk abin da zai shiga bakinsa sai ya hau wuta, ya ci da zafinsa. Ruwa a tafasa. Kwanonsa daban, moɗarsa daban. Ban da ɗanye, ban da kwantai. Kada ya shiga taro. In jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti mafi kusa a lokacin, ba gobe ba."

Ban iya karatun boko ba a lokacin, sai yanzu da furfura na shiga aji. Don haka a kaina na ɗauko maganar, ina maimaita ta a bayan mota tun daga Zariya har Tafa, Isiyaku yana barci a cinyata. Muka iso gida an fara azumi, ruwa na zuba.

Na zayyana musu a tsakar ɗaki. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, sake faɗa." Na sake. Ta tashi ta zaro sabon kwano daga jerenta, wanda ba a taɓa ci a ciki ba, da ƙaramar tukunya, ta ce waɗannan na Isiyaku ne, wanda ya taɓa su da ita zai yi.

Markar shekarar ba mai tsawa da iska ba ce, mai naci ce. Ruwan ya yi ta zuba siriri, ya ɗan tsagaita kamar zai ɗauke, kafin ka shanya riga ya dawo. Bangon ɗaki ya jiƙe har tsayin gwiwa, in ka jingina sai ƙasa ta biyo bayanka. Jinka tana yoyo, an jera ƙore a inda take ɗiga. Kaya ba sa bushewa, komai warin gumi da hayaƙi. Tuwon da aka ajiye a rufe, kafin wani yinin ya yi gashi. A cikin wannan ne aka ce mu tsare yaro daga ƙazanta.

Maman Fa'iza murza kan gas take yi wuta ta tashi. Mu itace ne, itacen kuma ya sha ruwa har cikinsa. A azumi gidan manomi ba ya hura wuta da rana: a dafa da yamma, a ɗumama da asuba, shi ke nan. Mu kuwa murhu ya koma aiki da safe, da azahar, da la'asar, don Isiyaku ba ya iya cin da yawa a lokaci guda, bakinsa duk gyambo, kuma abin da ya huce ba a mayar masa. Inna tana azumi, tana durƙushe tana busa ɗanyen itace, hayaƙi ya cika madafi, idanunta sun yi jawur. Ba ta da damar ɗanɗana gishiri, sai ta kai masa ta tsaya a kansa ta ce, "Auta, ya ji?" Ya ce, "Ni komai ɗaci yake mini."

Busasshen itacen da muka tara a ƙarƙashin rumbu don damina gaba ɗaya ya ƙare tun azumi bai yi nisa ba. Matan Gbagyi da ke kawo itace a kafaɗa, rafi ya cika ya tsare su, ran da suka samu ƙetarowa ma nasu a jiƙe yake. Muka ƙona zanar garken awaki. Muka faskara tsohon turmi. Wata rana na dawo daga gona na tarar da gadona na kara a madafi an kakkarya shi. Na koma tabarma, sanyin ƙasa yana shiga haƙarƙarina.

Ga yunwa. Dawa ta kai gindin rumbu, abin da ake ɗebowa rabinsa garin ƙwari ne. Masara ba ta nuna ba, doya ba ta yi ƙwari ba. Mu manya mu sha ruwa da kunu da kwaɗon rama, mu ci tuwo kaɗan mu bar saura don sahur. Ƙwan da kaji suka yi na Isiyaku ne, a dafa shi har ya yi tauri. Shi kuma abin da aka hana shi, shi ransa yake so. Bafulatanar da ke kawo nono in ta yi kira daga zaure, sai ya juya fuska bango ya yi kuka ba sauti, har Inna ta roƙe ta ta riƙa wucewa shiru. Gwaibar bayan ɗaki ta nuna, ƙamshinta yana shigowa ta taga.

"Yaya, ko ɗaya," ya ce mini. "In ka wanke ta fa?"

"An ce sai ta hau wuta."

"To a ɗora ta."

Inna ta jefa guda a ruwan zafi ta dahu ta yi laushi. Ya gutsura, ya yamutsa fuska ya tofar, ya ce, "Wannan ai kabewa ce." Ranar ce kaɗai na ji dariyar Inna a azumin nan.

Mafi wuya mutane ne. Kowa a Iku ya ga yaron da kumburi, kowa yana son ya gan shi babu. Kuma ba a zuwa dubiya hannu biyu a sake. Wannan ta kawo fura, wannan ta kawo hanta da aka ɗan nuna wa wuta wai tana ƙara jini, wata ta fasa ɗanyen ƙwai a cikin nono. Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta karɓa ta yi godiya, ta ce yana barci.

"Barci kullum?" in ji wata ƙawar Goggo. "To ki ba shi a gabana ko loma ɗaya, ya ci albarkar hannuna."

"Likita ya hana, Yaya."

"Likita ya san hannuna ne? Da hannun nan na yi miki wankan jego."

Inna ta sunkuyar da kai, amma ba ta matsa daga ƙofar ba. Goggo ta raka ƙawarta tana ba ta haƙuri da ƙarfi yadda Inna za ta ji: "Ki yi haƙuri, gidan namu ya zama bariki." Kwanukan ciyayya da ke shigowa da magariba suka ragu. Ranar gayyar huɗar dawarmu, waɗanda suka zo ba su kai yadda aka saba ba. Muna aiki cikin yayyafi, maƙogwaro a bushe, ruwa na gangarowa ta leɓe ba damar haɗiya, sai wani abokina ya ɗaga garma ya ce, "Garba, wannan an tafasa ta kuwa, ko in ajiye?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma kunnena yana gida. Duk wanda na hango tafe da sauri ta hanyar gona, sai in ɗauka ni ya zo kira.

Baba ba mai magana ba ne. Abin da yake yi wa Isiyaku shi ne rubutu. Amininsa Malam Jibo, limamin unguwarmu, yana rubuta ayoyin waraka a allo kullum, ya wanke a ƙoƙo. Baba ya taho da shi bayan la'asar, rufe da faifai, a ƙarƙashin rigarsa don kada ruwan sama ya shiga. Ya zauna a bakin gado, ya tallafi kan yaron ya ba shi, ya shafa masa sauran a muƙamuƙi. A nan ne kawai nake ganin fuskar Baba ta saki.

Su Fa'iza suna da abin awon zafi, suna da lambar likita a waya. Mu bayan hannun Inna muke da shi. Kowace safiya takan ɗora shi a goshin Isiyaku, sannan ta lalubi muƙamuƙin da yatsu. In goshi da sanyi, muƙamuƙi lafau, sai mu ɗauki fartanya.

Wajen tsakiyar azumi, wata safiya, ta ɗora hannu ta janye da sauri. Tun asuba cikinsa yake gudu, ya ɓoye mana. Yanzu haƙoransa suna haɗuwa, gadon yana rawa da shi.

"Sanyin marka ne," in ji Goggo. "A lulluɓe shi, in dafa masa ganye ya yi surace. Zuwa gobe a gani."

Na ce, "An ce ba gobe ba."

"An ce, an ce! A ruwan nan za ka fita da shi?"

Baba ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Ɗauke shi."

Inna ta goya mini shi da zaninta kamar jariri, ta rufa mana buhu. Zafin jikinsa yana ratsa rigata kamar tukunya na goya. Ruwa ya rufe mashigin rafi, jawur, yana tafe da kara da ganye. Na shiga ya kai ni cinya, ƙafata tana lalube, Inna riƙe da gefen rigata. A tsakiya na ji kansa ya langaɓe a kafaɗata. Na kira shi bai amsa ba. Na ƙara kira. Sai da muka hau tudu ya ce, "Yaya, ƙishirwa." Ga ruwa ta ko'ina, babu wanda zan ba shi.

A asibitin gari aka sa masa ƙarin ruwa, aka fara allurai. Baba da Goggo suka iso da hantsi. Wata ma'aikaciya 'yar kudu, kowa Sista yake ce mata, ta tsayar da mu a baranda. Hausarta a karkace take, amma ana ganewa sarai.

"Me yaro ya ci? Ku faɗa mini duka."

Inna ta lissafa: kunu, fate, dafaffen ƙwai, tuwo da zafinsa.

"Ruwa fa?"

"Tafasasshe."

"Wani ya ba shi abu a ɓoye? Gwaiba? Nono?"

Inna ta dubi Goggo. Goggo ta dafe ƙirji. "Ni? Wallahi ko goro ban ba shi ba. Ina azumi zan yi rantsuwar ƙarya?"

"To daga safe zuwa dare, babu abin da ya shiga bakinsa wanda bai hau wutar Mama ba?"

Na ce babu.

"Sai rubutu," in ji Baba. Ya faɗa ne kawai don kada ya rage komai.

Sista ta juyo wajensa. "Baba, da wane ruwa ake wanke allon?"

Ruwa yana dukan kwano a samanmu. Mun tafasa na sha, mun tafasa na kurkure baki, mun ƙona rabin gida a kan haka, amma babu ɗayanmu da ya taɓa kallon ƙoƙon nan ya ga ruwa a cikinsa.

"Rubutu ai ba irin wannan ba ne," in ji Goggo. "Magani ne. Sunan Allah ne a ciki."

"Mama, ni ma ina addu'a," in ji Sista. "Ban ce ku daina ba. Ruwan na tambaya."

Allah ne kaɗai ya san ko ta nan ciwon ya shigo. Sista ma ba ta ce tabbas ba. Amma ita ce ƙofa ɗaya da muka bari a buɗe.

Da ta tafi, Inna ta matso kusa da Baba ta rage murya. "Maigida, a dakata da rubutun har yaron ya tashi."

"A'a."

"To a faɗa wa Malam."

"In faɗa masa me? In ce abin da yake rubutawa da alwala, ko goro ba ya karɓa a kai, shi ya kwantar mini da ɗa? Da wane baki?" Ya dube ta, ya dube ni. "Ke kina da murhu. Wannan yana da bayan da zai goya shi. Ni rubutun nan kaɗai nake da shi."

Inna ta juya. Sai ta zaga bayan asibiti, inda mata masu jinya ke girki a ƙarƙashin rumfa, ta roƙi wuta, ta tafasa ruwa a butar ƙarfe, ta naɗe ta da tsumma ta miƙo mini. "Ungo. Je ka wurin Malam."

Na fi tsoron zauren Malam a kan rafin. Malam Jibo shi ya raɗa mini suna, shi ya koya mini Fatiha da bulala. Na tarar da shi a kan buzu, allon Isiyaku a cinyarsa, ya riga ya fara na ranar. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye butar.

"Garba, shayi ka kawo mini da rana tsaka? Ko an ga wata ban sani ba?"

"Allah gafarta Malam, ruwa ne. Tafasasshe. Inna ta ce ko za a wanke allon da shi."

Ya ajiye alƙalami. "Ya jikin yaron?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa tambayar Sista, idona a ƙasa.

"Wato matar nan cewa ta yi ayar Allah ce ta sa shi zawo."

"Ba ta ce ba, Malam. Ruwan ta tambaya."

"Tawadata dafaffiya ce, da hannuna nake dafa ta. Allon nan ba a aza shi a ƙasa. Ubanka ne ya aiko ka, ko rashin kunyarka ce?"

"Inna ce."

Ya daɗe yana kallon tulun da ke kusurwar zaure. Sai ya ɗaga murya ya kira matarsa, ta amsa daga bayan ƙofa.

"Ruwan tulun nan na rijiya ne?"

"Wace rijiya, Malam? Ai ta rufta tun farkon azumi. Daga rafi ake ɗebowa. Na faɗa maka."

"Kin faɗa mini?"

"Na faɗa, kana lazimi."

Malam ya shafa gemu. Can ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Ni ma kwana biyu cikina yana kuka, na ɗora wa ƙosai laifi." Ya jawo butar ya taɓa, ya janye hannu. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ce, "Ƙoƙon ma da wancan ruwan ake ɗauraye shi. Tashi mu tafi."

Ya sa allon a ƙarƙashin riga muka ƙetare rafin tare, dattijo da shi, riƙe da kafaɗata. A bayan asibiti ya sa Inna ta kwarara wa allon ruwan zafi, ya busar da shi a gefen wuta, ya sake rubutawa daga farko, ya wanke a kwanon Isiyaku. Baba yana zaune nesa, ya kasa haɗa ido da shi. Malam ya miƙa masa kwanon ya ce, "Tashi ka ba ɗanka, Mamman. Shekara nawa muna tare, sai ka bari a aiko mini yaro da buta?"

Zazzaɓin bai sauka don wannan ba. Ya yi kwanaki yana hawa yana sauka. Da safe jiki ya yi sanyi mu ce alhamdu lillahi, da la'asar ya dawo, yaron yana sambatu yana kiran awakinsa da sunayensu. Daga gadon da ke kusa da nasa aka fitar da wani yaro a tabarma, uwar tana bin baya. Inna ta juya Isiyaku ya fuskanci bango. Ni abu biyu nake roƙo in na buɗe baki da magariba: kada ya tafi yau, kuma kada Sallah ta zo jininsa bai tashi ba. Da safe in je gona, da rana in ƙetaro da duk abin da zai ci wuta.

Ran nan na dawo gida na tarar da tulin itace a zaure, busasshe, har da kara da ɓawon gyaɗa a buhu. Goggo ta ce Malam ne ya yi magana bayan sallar asuba, ya ce mai son duba Isiyaku ya bar furarsa a gida ya kawo abin hura wuta. Shi ya fara, da itacen da ya tara don wutar karatu. Ƙawar Goggo mai wankan jego ta aiko da tsohuwar ƙofar kara, ta ce a gaya wa Inna wannan dai likita bai hana ba.

Cikin goman ƙarshe zazzaɓin ya tafi bai dawo ba, aka sallame mu. Isiyaku ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga, gashinsa yana zuba a kan matashi. Ranar Sallah aka bar shi a ɗaki da sabuwar rigarsa a jiki, yana jin ganga daga nesa. Tuwon Sallar da maƙwabta suka aiko, a zaure muka ci shi da sauri kamar na sata. Da safiyar nan Inna ta lalubi muƙamuƙin, ta daɗe ba ta cire hannu ba. Ta kira ni da ido. Na taɓa. A ƙarƙashin fata akwai wani abu mai tauri, kamar ƙwayar gurjiya. Ba mu faɗa wa Baba ba.

Washegari muka hau mota. A Zariya aka ɗebi jininsa aka ce mu jira. Da yamma malamin asibitin nan ya fito ya ce jinin bai kai ba, sai an ƙara kwanaki a sake gwadawa. Na nuna masa muƙamuƙin. Ya taɓa, ya kira likita, likita ya taɓa, suka yi magana da Turanci. Wannan karon ba wanda ya juya mini.

Na haɗa duwatsu a bayan asibiti, ni da ban taɓa dama kunu ba, ina dafa masa a tukunyar da Inna ta ƙulle mini a tsumma. Masu tallan fura da rake suna zagaye mu, shi yana bin su da ido. Gurjiyar ta zama goro. Kullum in taɓa, in ce masa babu komai.

Aka sake ɗibar jini. Muka zauna a benci tun safe, ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take. Na riga na fara tunanin abin da zan faɗa wa Inna, sai malamin ya leƙo ya ce, "Isiyaku na Abuja! Ina yayansa? Kawo shi, jini ya yi."

Ba a bar ni na shiga ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji sun riƙe shi, na ji ya ƙwala ihu yana kiran Inna, yana zagin mai allurar da zagin da ban san ya iya ba. Na zauna a ƙasa. Wata tsohuwa da ke kan benci ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, za su kashe ɗan mutane."

Na ce, "Iya, ƙyale shi ya yi. Kukan nan muka biyo tun daga gida."

Mun ci gaba da komawa Zariya har aka ce ya isa. Kumburin bai dawo ba. Muƙamuƙin dai ya ɗan karkace har yau, shi ya sa Isiyaku ya riga ni ajiye gemu.